Tokar Rahmatu

Malam Jibirilla Mai Birki shekarunsa sittin da uku, matarsa ɗaya, 'ya'yansa huɗu, kuma gidan da yake ciki na gado ne, a wani lungu na unguwar Hausawa a New Bell, cikin birnin Duwala. Tun yana saurayi sana'arsa guda ce, wato sabunta birkin mota, kuma a tsakar gidansa yake yin ta. Maza suna kiran gidan da gidan Mai Birki, mata kuma su ce gidan Rahmatu. A ƙarshen bara ne Rahmatu ta bar kwana a gidan, ba kuwa yaji ta yi ba.

Kakan Jibirilla Bazazzagi ne da fataucin goro ya gangaro da shi kudu, ya iske teku ta tare hanya, ya zauna. Mahaifinsa ya yi tukuba a bakin kasuwa har tsufa ya zaunar da shi. Jibirilla bai gaji wuƙa ba. An kai shi koyon kanikanci wurin wani Bamileke mai gareji kusa da layin dogo, maigidan ya lura yaro ne mai haƙurin zama wuri ɗaya, sai ya ajiye shi a kan birki. A wancan zamani ba a jefar da ƙarfe.

Birkin ƙafar baya na tsofaffin motoci ƙarafa biyu ne masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, suna zaune cikin wani kwanon ƙarfe da ake kira tambur. A gadon bayan kowane ɗaya akwai fata mai kauri da tauri, wadda direbobin Duwala ke ce wa garnitir, shi kuwa Jibirilla fatar birki yake ce mata. Ita ke gogar tambur ta tsayar da mota, ita ce kuma ke cinyewa. Aikinsa shi ne ya ɓamɓare tsohuwar, ya yanko sabuwa daga naɗi da zarto, ya huhhuda ta, ya kafe ta da ƙusoshin tagulla, sannan ya zauna gurza. Yakan shafa alli a cikin tambur, ya sa ƙarfen ya murza. Duk inda allin ya kama, nan ne tudu, sai ya bi shi da magagari. In ya gurza sai ya kai bakinsa ya hure garin, ya sake gwadawa. Haka ya ga maigidansa yana yi, haka kowa yake yi.

Da ya yi aure ya tashi cin gashin kansa, ba shi da halin kama shago. Sai ya kafa wani kututturen katako a tsakar gida, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano kusa da ƙofar madafa, ya ɗaure masa eto, ƙarfen nan mai damƙe aiki. Direbobi kan ajiye mota a bakin titi, su ɗaga ta da jak, su kwance ƙafa, su shigo da ƙarafan a leda. Iyakarsu zaure, don gidan matar aure ne. Nan suke zama suna shan shayi suna zagin masu duba takardu, shi kuma yana ciki, ba a jin komai sai kukan magagari.

Rahmatu 'yar Gaundare ce. A gidansu da toka da yashi ake wanke tukunya, kuma yarinyar da gindin tukunyarta ya yi baƙi sai ta sha gori har a ɗakin miji. Ta zo Duwala ta tarar da risho ake girki, tokar gawayi ba ta da yawa kuma kullum a jiƙe take, yashin lungu kuwa ruwan kwata ya gama da shi. Wata rana shinkafa ta kama mata. Ta duba ƙarƙashin kututturen mijinta, ta ga gari ya taru, mai launin toka, mai laushi kamar hoda. Ta ɗiba a soso ta goga. Tukunyar ta fito tana ɗaukar ido kamar ranar da aka sayo ta.

Daga ranar bai ƙara zama shara ba. Kullum da la'asar, in ya tafi masallaci, sai ta share shi cikin tasa, ta shiga madafa, ta ja ƙofa don kada iska ta kwashe mata, ta tankaɗe shi da rariya ta fitar da gutsattsarin tagulla masu kartar tukunya. Tana ɗura shi a gwangwanayen madara ta jera a kan kanta. Matan unguwa suka gani suka tambaya, sunan abin ya zama tokar Rahmatu. Ba a yin biki ko suna a layin ba a aiko yara karɓar gwangwani ba, kuma ba ta taɓa sayarwa ba, a ganinta sadaka ce. In aiki ya yi ƙaranci sai ta leƙo daga madafa ta ce, “Malam, yau ba ka yi mini toka ba.” Shi kuma ya ce, “Ki roƙa mana Allah ya kawo mai babbar mota, ki samu buhu guda.”

Fiye da shekara talatin suna a haka. 'Ya'ya suka girma suka watse, ɗaya Garwa, biyu Gabon, sai auta Asta da ta yi aure nan Bepanda. Sana'ar ma ta tsufa. Sababbin birki a kwali suka cika kasuwa, masu motocin kirki suka daina zuwa. Aka bar shi da tsofaffin tasi, da a-kori-kurar 'yan albasa, da 'yan bensikin, wato masu haya da babur. Duk da haka ba a taɓa kwana da yunwa a gidan ba.

Tarin Rahmatu ya fara da damina, kuma a Duwala wa ke kula da tari da damina. Ta sha citta da kanumfari, ta sha zuma. Da ta fara hutawa tsakanin rijiya da madafa, Jibirilla ya kai ta asibitin unguwa, aka ce tibi ne, aka ɗora ta a kan magani na watanni. Ta shanye tas, ba ta tsallake rana ba, sai ma ramewa da ta ƙara yi. Aka tura su babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ruwa ya taru a gefen huhu. Aka soka allura aka zuƙe, ya sake taruwa.

Likitar wata dattijuwa ce 'yar kudu, ba ta jin Hausa, Rahmatu kuma Faransancinta bai wuce na cefane ba, don haka Asta ce ke tafinta.

“Inna, wai a wace masana'anta kika yi aiki?”

“Ni? Ki ce mata tun da aka kawo ni ban taɓa aikin kowa ba sai na ɗakina.”

Likitar ta juya wajen Jibirilla ta tambayi sana'arsa. Ya faɗa. Ta tambayi inda yake yin ta. Ya faɗa. Ta ajiye biro ta tambayi wanda ke share wurin. Rahmatu da kanta ta ba da labarin tokar, har da ɗan alfahari, har da batun rariya da rufe ƙofa. Asta na cikin fassara ta ga fuskar likitar ta canja.

Likitar ta yi bayani a hankali. Ta ce yawancin irin fatar birkin da yake yanka ana haɗa ta da wani abu mai suna amiyant, wanda wasu ke kira asbestos. Garinsa ƙananan allurai ne da ido ba ya gani. In an shaƙa sai su kafe a huhu, ba sa narkewa, ba sa fita, kuma sai bayan shekaru masu yawa suke nuna kansu. Ta sa aka ɗauki hoton Jibirilla shi ma. An ga tabo, amma bai kai nata ba, don shi a fili yake aiki iska na ratsawa, ita kuwa cikin ɗaki take rufe kanta da shi. Ta ce ba ta da maganin da zai fitar da abin da ya riga ya shiga. Abin da ta hana shi ne ƙari. Muddin ana gurzar birki a gidan, kada Rahmatu ta sake kwana a cikinsa.

Daga asibiti Bepanda aka wuce da ita. Jibirilla ya koma New Bell shi kaɗai, ya ɗauki buhu, ya bi layin gida gida yana sallama yana roƙon a fito masa da gwangwanayen. Wasu suka bayar jiki na ɓari. Wata tsohuwa ta aiko masa da cewa ita shekara ashirin tana wanke-wanke da shi, ko atishawa ba ta yi, in ƙari yake so ya hana mutane ya fito fili ya faɗa. Sai da limamin unguwa ya yi magana bayan sallar Juma'a sannan ta aiko da nata.

Gidan Asta ciki da falo ne a saman bene, banɗaki kuma a cikin falon yake. Mijinta Muhammad Auwal yana sayar da yadi a kasuwa, mutum ne mai kirki da ba ya ɗaga ido ya dubi surukarsa. Shi ya bar musu uwar ɗaka ya koma falo. Amma Rahmatu irin matan nan ne da aka rena a kan cewa suruki ba ya ganin cin abincinka, ba ya jin tarinka, balle ya ga shigarka banɗaki. In yana gida, tana lulluɓe a ƙuryar gado, ba ta cin komai, ba ta shan ruwa don kada ya matsa mata. In tari ya taso sai ta cusa mayafi a baki ta danne shi har idonta ya yi ja. Muhammad Auwal ya gane, ya riƙa fita tun da duku-duku, ya riƙa zama a masallaci bayan kowace salla. Ita ma ta gane, abin ya ƙara mata nauyi, don ga shi ta kori mutum daga gidansa.

Jibirilla kan zo da hantsi. Yakan tsaya a gindin bene ya aika a tambayo ko maigidan na nan, sannan ya hau, yana hutawa a tsakiya. Kafin ya zo sai ya yi wanka ya sa kayan da ya ajiye a gidan maƙwabci, waɗanda ba su taɓa shiga tsakar gidansa ba.

Wata rana ya tarar da kwanon kunu a rufe, ya huce.

“Rahmatu, wannan fa?”

“Maigidan yana nan ne da safe, Malam. Ruwa ya hana shi fita.”

“To ai ya fita yanzu. Sha.”

Ta kurɓa sau biyu ta ajiye. “Yaushe za ka mai da ni ɗakina?”

“Ina kan gyara.”

“Tun kafin azumi kake kan gyara. Ko amarya ka ajiye a ciki?”

“Wace amarya za ta zauna da tsoho da magagari?”

Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ya riƙe mata kafaɗa yana jin ƙasusuwan a tafin hannunsa. Da ya lafa ta ce, “Malam, a nan ko tari sai na nemi izini. Ni dai in ba za a warke ba, a bar ni in yi tarina a ɗakina.”

Gyaran da yake faɗa kuwa gaskiya ne yana yin sa, sai dai kowace hanya ya bi sai ta toshe. In ya bar gurza, babu abin sa wa a baki, balle kuɗin zuƙe ruwan ƙirji. In ya ci gaba, Rahmatu ba ta dawowa. 'Ya'yan da ke Gabon suna aikowa in sun samu, ba kullum suke samu ba.

Ya fara neman inda zai kai aikin. A New Bell babu taku ɗaya na bakin titi da ba shi da mai shi. Wani tsohon abokin cinikinsa mai suna Ɓoɓɓo, wanda ke da garejin manyan motoci a Yassa, can bakin gari a kan hanyar Yawunde, ya ce ya zo ya zauna a gefe. Jibirilla ya riƙa fita da asuba, cunkoso ya riƙe shi har rana ta take. A can ya tarar samari suna manna fata da gam su gasa a tanda, su gurje da inji, kafin ya gama ƙafa ɗaya da hannu sun sallami mota guda. Direbobinsa na New Bell kuma ba wanda zai tuƙa mota marar birki har Yassa. Ya yi 'yan makonni yana komawa gida hannu rabbana, tufafinsa fari fat da garin injin wasu. Ranar da ya zame a taɓo ya faɗi da jakar kayan aiki, Ɓoɓɓo ya kama hannunsa ya ce, “Baaba, ashiya, sannu. Wurin nan ba naka ba ne, kada in ɗauki alhakinka.”

Ya haye gada ya gwada kasuwar Grand Hangar a Bonaberi, aka ce wuri ya cika. Ya dawo gida ya gwada wata dabara, ya cika baho da ruwa ya riƙa gurza a ciki don kada gari ya tashi. Magagari ya toshe ya yi tsatsa, alli ya ƙi kama jiƙaƙƙen ƙarfe, ruwan da ya zubar kuma ya bushe ya bar farin gari a ƙasa. Ya je ya gaya wa likitar ko za ta yarda da hakan. Ta girgiza kai. Ta ce ƙasar tsakar gidan ma ta sha abin shekara da shekaru, ko tsintsiya aka sa sai ya tashi.

Ana cikin haka, wata Lahadi baƙi suka zo wa Muhammad Auwal daga Marwa, suka wuni a falo. Rahmatu ta wuni a ƙurya ba ci ba sha, tana danne tari. Da yamma Asta ta shiga ta tarar da ita a ƙasa, leɓɓanta sun yi duhu. Aka kwashe ta zuwa asibiti, aka sa mata iska, aka sake zuƙe ruwa. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko baƙin sun ga lokacin da aka fito da ita ba mayafi.

A barandar asibitin Muhammad Auwal ya durƙusa gaban Jibirilla, kansa a sunkuye. “Baba, zan koma kwana a shago har Inna ta samu sauƙi. Gidan nata ne.”

“Allah ya yi maka albarka. Amma in ta ji ka koma shago, ranar za ta sauko daga benen nan da rarrafe.”

Likitar ta kira Jibirilla ita da shi, ba tafinta, ta yi masa Faransanci mai sauƙi irin wanda zai gane. Ta ce ciwon ya yi nisa, zuƙe ruwan ma ya kusa daina amfani. Ta ce yanzu abin da ya rage shi ne matar ta zauna inda za ta ci, ta sha, ta yi tari ba tare da fargaba ba. Ya tambaye ta ko ɗakinta zai yi. Ta ce in ya fitar da aikin gaba ɗaya, ya jiƙa ƙasar ya kwashe samanta, ya rufe da siminti, ya wanke gidan da ruwa ba da tsintsiya ba, to zai yi.

Bai yi shawara da kowa ba. Washegari ya kwance eto daga kututturen, ya haɗa da zarto da magagarai da ragowar naɗin fata, ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, ya kwarara ruwa a tsakar gida, ya riƙa kankare ƙasa da shebur yana ɗurawa a buhu. Yakan yi kaɗan ya jingina da bango yana haki. Ya fitar da kantar madafa da rariya da tabarmi da labule. Ya hau tsani ya wanke ƙarƙashin kwanon rufi da tsumma. Siminti kuwa wani mai kura ne ya sauke shi a ƙofar gida, ya ce daga kasuwar 'yan yadi aka aiko shi, ba a faɗi suna ba. Ruwan sama ya ɓata zubin farko. Na biyu sai da maƙwabta suka ara masa tamfol aka rufe.

Ranar da za a sallame ta, ya kira Yusufa, wani direban tasi da ya fi shekara ashirin yana kawo masa aiki. Kakannin Yusufa Kanawa ne, don haka ba sa haɗuwa ba su yi wasan Kanawa da Zagezagi ba, ko da yake daga shi har Jibirilla ba wanda ya taɓa kwana a Kano ko Zariya. Tun daga kan kwana Jibirilla ya ji motar, ƙarfe na cin ƙarfe, ƙara mai sa haƙori tsami.

“Bakano, da wannan za ka ɗauko mini mata?”

“Haba Patron, laifin wa? Ka rufe shago ka bar mu a hannun Allah. Da giyar mota nake tsayawa yau mako guda. A hankali za mu tafi.”

“Ko akuyata ba ta shiga motar nan. Je ka sayo sababbi a kwali.”

“Na sayo, suna but. Na ce in na zo ka sa mini.”

Jibirilla ya dubi farar rigarsa, wadda ya karɓo daga gidan maƙwabci bayan ya yi wanka. Da ita zai tallabi Rahmatu. Ya ce, “Ba na taɓawa. Kai za ka sa.”

“Ni? Wallahi Patron ban taɓa wuce kwance taya ba.”

“Yau za ka wuce.”

Ya tsallaka kwata ya tsaya inda iska ke tahowa, ya harɗe hannu a baya. Ya sa Yusufa ya tare ƙafafun gaba da duwatsu, ya sassauta notuna kafin ya ɗaga jak, ya tura tayar da ya cire ƙarƙashin mota ko da jak zai zame. Tambur ya ƙi fita, ya ce ya sauke birkin hannu ya bubbuga gefensa da guduma. Da ya fito, baƙin gari ya zubo, Yusufa ya kumbura kumatu ya kai baki.

“Kai! Kada ka hura!”

Muryar ta sa mai sayar da burodi a tsallake ya juyo. Yusufa ya tsaya da iska a baki.

“Zuba ruwa. Zuba har ya daina fitowa baƙi.”

Yusufa ya zuba, bai yi gardama ba. Ya buɗe ɗaya ɓangaren ma, ya wanke, ya kai hannu zai kwance shi, Jibirilla ya hana. Ya ce ƙafa ɗaya ake gamawa, a bar ɗayar a haɗe, in ka manta inda waya ta shiga sai ka zagaya ka duba. Yusufa ya sa filaya ya kama sifirin da ke haɗe ƙarafan biyu ya ja, ya kuɓuce ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ya naɗe hannun riga ya lalubo shi yana tsaki.

“Ka ga aikin Zagezagi. Mutum na tsaye da farar riga kamar ango, ya sa ubangidansa lalube a kwata.”

“Ubangidan da bai san gaba da bayan birkinsa ba. Juya ƙarfen, ka sa shi a kife. Mai hannun nan shi ke kama wayar birkin hannu.”

Sai da rana ta take suka gama, Yusufa ya yi ta zagaye mota yana leƙen ɗaya ƙafar. Jibirilla ya sa shi ya shiga ya yi ta taka birki har ya yi tauri a ƙafa, ya ja birkin hannu ya saki, ya tafi a hankali zuwa bakin masallaci ya tsaya ya dawo. Ba ƙara. Ya sa shi ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya cire rigar sama ya jefa a but, sannan shi Jibirilla ya shiga gidan gaba.

A hanyar dawowa Rahmatu na baya, ta jingina da Asta, tagogi a buɗe. Da suka shigo New Bell ta ji ƙamshin tsire da hayaniyar 'yan bensikin, sai ta ce a gyara mata mayafi. A bakin lungu ta ce za ta taka da ƙafarta. Ta yi 'yan taku ta tsaya. Jibirilla ya durƙusa, Asta ta ɗora masa ita a baya. Matan layin suka fito ƙofa suna yi mata sannu da zuwa, wasu na share ido da bakin zane. Shi dai bai amsa wa kowa ba, numfashin da zai amsa da shi yana buƙatarsa.

Ta dubi tsakar gidan, fari fes, ba kututture, ba rumfa. Ta ce, “Malam, ina ka kai aikin?”

“Ya tafi hutu.”

“To me za mu ci?”

“Ki fara shan kunun tukuna.”

Ta sha rabin kwano a zaune a bakin gadonta, kai ba ɗankwali, ta yi tari mai tsawo da ƙarfi har aka ji a zaure, ba ta rufe baki da komai ba.

Yau mako na biyu ke nan da dawowarta. Asta na zuwa da safe ta koma da yamma. Abin da mai tsofaffin ƙarafa ya bayar ya tafi a magani, shinkafar da ke cikin buhu kuma ana jin ƙasanta da kofi. Ya yi magana da masu shaguna ko akwai mai neman mai gadi, an ce za a duba. Rahmatu ba ta iya kwanciya sai a jingine, kuma in ta zame daga matashi numfashi yakan sarƙe, sai an ɗago ta.

Shekaranjiya Laraba da hantsi wani mai a-kori-kura ya yi sallama a zaure, da ƙarafan birki na ƙafa huɗu a buhu. Ya ce daga Nkongsamba aka kwatanta masa gidan, motarsa na bakin titi a kan jak da lodin albasa, ko nawa ne zai biya. Jibirilla ya daɗe yana kallon buhun. Ya ce wa mutumin ya ɗan ja shi waje, kada ya buɗe shi a nan. Ya ce an daina. Mutumin na cikin roƙo aka ji tari daga ɗaki, sai Jibirilla ya ba shi haƙuri, ya tura ƙyauren zaure, ya wanke hannu a buta, ya shiga ya ɗago ta.